Filin Mota da Direba: Marsandi wagon mai gudu, za ta yi zuwa aiki kullum?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Rigachikun, ina aiki a Kakuri, tafiyar kusan kilomita 25 kowace safiya, da yamma kuma in dawo. Yarana huɗu, uwargida kuma tana sana'ar abincin biki, duk ƙarshen mako sai an ɗauki kuloli da tukwane. Wani dillali ya nuna min Marsandi E55 AMG wagon ƙirar 2005, baƙa, kuɗinta bai kai na wata Corolla da na taya ba. Na ɗana ta a titin baifas, tun ranar zuciyata take kanta. Ina so in sayar da Golf ɗina in cika in saye ta, ta zama motar zuwa aiki. Mene ne shawararka?
Mai karatu daga Rigachikun

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ban ga laifinka ba da zuciyarka ta kwanta da ita. Mu da muka tashi a Kaduna da wagon muka buɗe ido. Kamfanin Fijo na nan Kakuri, inda kake zuwa aiki, tun 1975 ya fara harhaɗa motoci, kuma 504 wagon ita ta yi shekaru tana jigilar mutane daga tashar Kawo zuwa Zariya da Kano, ga fasinja ga buhuna a baya. Magidanci mai iyali ya nemi wagon, tunani ne mai kyau. Wadda ka gani kuma ba ƙaramar mota ba ce: injinta silinda 8 ne, lita 5.4, da sufacaja mai tura masa iska, ƙarfinsa doki 469. Daga tsaye tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Shi kansa injin, wanda ake kira M113, yana cikin masu ƙwari da Marsandi ta taɓa ƙerawa.

Amma ka ce za ka sayar da Golf, ita kaɗai za ta rage maka. A nan ne ban goyi bayanka ba.

Mu fara da mai. Kilomita 50 a rana, kwana 22 a wata, kilomita 1,100 ke nan, ban sa kai yara makaranta da kai abincin biki ba. A cikin gari, da cunkoson Kawo da tsaye-tsayen baifas, wannan mota za ta sha wajen lita 18 a kowace kilomita 100. Kusan lita 200 ke nan a wata, ninki biyu na abin da Corollar da ka taya za ta sha. Ɗauki biro ka ninka 200 da farashin lita na yau, ka ajiye lissafin kusa da albashinka. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 irin waɗannan motoci suka yi araha a hannun dillalai, masu su ne suke gudunsu. Ga wani abu kuma: an ƙera injin ne don fetur mai babbar daraja, mu kuwa kala ɗaya ake sayar mana a gidan mai. Kwamfutar motar za ta riƙa rage wa injin ƙarfi don ta kare shi, musamman a zafin Maris da Afrilu. Dokin da ka biya kuɗinsa ba duka za ka hau ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne birki. Marsandin wannan zubi, daga 2002 zuwa tsakiyar 2006, tana da wani tsari da ake kira SBC. Ƙafarka ba ita ke matse birkin kai tsaye ba, kwamfuta ce ke karanta takunka, wani fanfo na lantarki ya tura man. Fanfon yana da adadin taku da aka ƙayyade masa, yana ƙirgawa, in ya cika sai saƙo ya fito a dashbod. In ya mutu kana tafe, ɗan birkin tayoyin gaba kawai zai rage maka, sai ka danna da dukkan ƙarfinka, motar kuma ta kusa tan biyu. Ka ƙaddara hakan ta faru kana gangarowa daga gadar Kawo da yara a baya. Kamfanin da kansa ya bar wannan tsari a motocin E-Class, dangin wannan mota, a 2006.

Na taɓa tsayawa a wani gareji wani yaro yana canza wa irinta takalmin birki, yatsunsa biyu na cikin maƙallin, sai mai motar ya nufi ƙofa zai ɗauko wayarsa. Ihu maigidan yaron ya yi ya riƙe masa hannu. Motar nan da zarar an buɗe ƙofa fanfon yana farkawa ya gwada kansa, ya matse birki ba tare da kowa ya taka ba. Sai an kashe tsarin tukuna ake taɓa ƙafafunta. Bakaniken da bai san wannan ba, kada ka ba shi makullinta.

Sai ƙafa. Maimakon sifirin na ƙarfe, jakar iska ke ɗauke da ita a kowace kusurwa. Daɗin zama kam ba a magana, amma robar ta shekara kusan ashirin, kuma ƙurar hunturu da ramukan damina ba sa raga mata. In ɗaya ta fara yoyo, da asuba za ka tarar motar ta durƙusa, taya ta shige cikin jiki. In ka yi biris, kwamfuresan da ke hura su zai yi ta aiki har ya ƙone. Tayoyinta kuma sirara ne a kan wili mai inci 18, na baya sun fi na gaba faɗi, rami ɗaya mai kaifi ya isa ya kumbura taya ko ya lanƙwasa wili. Fulogi 16 take ɗauka, biyu a kowace silinda, baƙin mai kuma sama da lita 8 a kowane juye, kuma mai kyau take so. Fitila da ƙananan kayan jiki za ka iya samu a kasuwar kayan mota ta Oriakpata a nan Kaduna, don tana tarayya da sauran E-Class, amma kayan musamman na AMG, sashen Marsandi mai ƙera motocin gudu, sai an aika Apo a Abuja ko Ladipo a Legas, wani lokaci har waje. Kwanakin da za ta yi tana jira a gareji, da me za ka je Kakuri? Da me za a kai abincin mutane ranar Asabar?

In za ka iya barin Golf ɗinka tana nan, kuma bayan ka biya kana da ajiyar kuɗi da ka ware don gyara kawai, to saye ta ka ji daɗinka. Amma kafin ka ba da ko sisi, ka je da bakaniken Marsandi naka, ba na dillali ba, ya sa mata kwamfuta ya karanta lafiyar SBC da giya da jakunkunan iska. Ka sa a ajiye ta da yamma, ka auna tsakanin taya da jiki da yatsunka a kusurwa huɗu, ka dawo da sassafe ka sake aunawa kafin kowa ya tayar da ita. Ka tuƙa ta minti 30 da rana tsaka. In ta ɗau zafi ƙarfinta ya ragu, yawanci ƙaramin fanfon da ke sanyaya iskar sufacaja ne ya gaji. Ka ɗaga kafet ka sansana, ko ruwa ya taɓa cinye ta. Ka tabbata ba juya sitiyari aka yi ba, don wagon irin wannan da yawa a Ingila aka sayar da su, masu tuƙin dama. Lambar shasi kuma ta dace da takardun kwastan, harafi da harafi.

In kuwa mota ɗaya aljihunka zai iya riƙewa, nemi Fijo 406 wagon mai silinda 6, lita 3.0. Tana da ƙarfin da zai ishe ka wuce tirela a hanyar Zariya, kuma masu gyaran Fijo sun cika garin nan. Ko Toyota Venza mai lita 3.5, doki 268, bayanta zai ɗauki kulolin uwargida, cikinta kuma a sama yake, ba za ta riƙa gogar tudun rage gudu ba. Ka je da ita uwargidan ranar dubawa, da babbar tukunyarta ɗaya, a gwada sa ta a but a gani ko murfin zai rufe. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, a gaida iyali.