Ɗaukar mawaƙi a dandamali: amsoshin wannan mako

*Zan ɗauki wani mawaƙi yana waƙa gaban jama'a. In sayi sabuwar kyamara mai 4K?*

Riƙe taka, ɗan'uwa. Mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya jure sautin da ya fashe. Kuɗin nan ka sa su a ƙaramar na'urar naɗar sauti. Ka roƙi mai kula da mikisa, wato na'urar haɗa sautin dandamali, ya ba ka layin sauti, ka kuma kafa makirufo ɗaya yana kallon jama'a, don layin mikisa ba ya ɗauko tafi da shewa sosai.

*In riƙa zuƙo hoto ina mayarwa don bidiyon ya yi armashi?*

Haba Malam! Juwa kake son sa wa mutane? Bar hannunka wuri ɗaya.

*Aikina na farko ke nan, kyamara biyu gare ni, kuma tacewa nake tsoro.*

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, kowa da haka ya fara. Ɗaya ki kafa ta a kan ƙafarta, ta ɗauki dandamalin gaba ɗaya, kada ki kashe ta har a tashi. Da ɗayar ki bi fuskar mawaƙi da hannun makaɗi. Kafin a fara ki tafa sau ɗaya gaban kyamarorin, wannan tafin zai daidaita miki hoto da sauti. DaVinci Resolve, manhajar tace bidiyo, yana da na kyauta kuma yana haɗa hotunan kyamarori da yawa. Ki riƙa sauya hoto a kan bugun ganga. Ki kuma kiyayi hasken leza, yana ƙona idon kyamara.

*Na samu katin memori mai 256GB a rabin kuɗinsa. In saya?*

Kada ka kuskura. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai tara kuɗi wata da watanni ya sayi kyamara, sai a kan kati zai nemi araha! Katin bogi yana nuna 256GB, alhali cikinsa kaɗan ne. Idan ya cika ba zai gaya maka ba, kyamara na ta ɗauka, kai kana murna, sai ka koma gida fayil ya ƙi buɗewa. Fim ne da za a ce a sake ɗauka? Waƙar dandamali sau ɗaya ake yin ta, jama'a sun watse, mai aiki kuma yana jiran kayansa. Me za ka ce masa?

Kwali mai ƙyalli ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga shi. Ka nemi mai alamar V30, wato wanda ba ya gaza megabait 30 a daƙiƙa wajen rubutu. Ko a hannun wanda ka yarda da shi ka saya, ka sa shi a kwamfuta ka gwada da manhajar H2testw, wadda za ta cika katin ta karanta ta faɗa maka ainihin girmansa. Idan kyamararka na cin kati biyu, ka sa ta rubuta a duka biyun lokaci guda.