Aikin awa-awa a gidan sinima, in karɓa ko in haƙura?

TAMBAYA: Salam Anti, ni ɗalibi ne a Kadpoly (kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna) ina zaune a Tudun Wada. Abokina ya samo min aiki a wani gidan sinima, Juma'a zuwa Lahadi daga 4 na yamma zuwa 10 na dare, naira 500 duk awa, aikin sayar da tikiti da gugguru da lemo ne sai shara in an tashi daga fim. Amma Baba da ya ji sinima sai ya ɗaure fuska wai wurin 'yan iska ne, ga shi kuɗin ma bai kai mafi ƙarancin albashi ba. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikassalam ƙanena. Awa 6 sau 500 dubu 3 kenan a rana, a wata kusan dubu 36, to cire kuɗin keke tukuna, don ƙarfe 10 ɗin nan a baki ne kawai, sai fim na ƙarshe ya ƙare an kunna fitila ka bi kujera-kujera kana tsintar robar lemo da gugguru da aka tattake a kafet, kafin ka fito titi 11 ta gota kuma mai keken dare ba ya jin "rage min".

Batun albashi kuwa, mafi ƙarancin albashi na dubu 70 a wata da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai aikin da bai kai awa 40 a sati ba, haka wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kai kuma awa 18 gare ka. Amma dokar ƙwadago ta ba ka hutun awa ɗaya in aikin rana ya kai awa 6, nan za ka yi Magariba ka ci abinci, ta kuma ce a ba ka sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata 3. Ni dai kar ka jira wata 3, tun yanzu ka tambayi manaja in lissafi ya yi giɓi waye zai cike, don wani zai nuna maka alat na bogi layi ya cika ka ce wuce, ƙarshen wata ka ga an zaftare a naka. Lokacin Sallah da ake cika maƙil, awannin da aka ƙara ana biya? Shi ma a rubuta.

Baba kuma ba laifinsa, sinimar da ya sani marar rufi ce mai benci, fim ɗin Indiya da na Chana cikin hayaƙin sigari. Kar ka tsaya musu da shi. Samu Kawu ko wani da yake jin maganarsa ku je tare da yammacin Asabar ya ga masu zuwa da iyalansu, shi ya dawo ya ba Baba labari. In Baba ya ce a'a duk da haka, ka haƙura ka gwada shagon POS ko koyar da yara lesin, nan Tudun Wada ma ba za ka rasa ba.