Totur da ƙafa ko totur da na'ura: amsa ga mai neman 370Z ko GT86

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai yau da na rufe gareji na samu zama. Ka ce kana Yamai, idonka na kan motoci biyu masu giyar hannu, Nissan 370Z da Toyota GT86. Ta farko ita ke taka wa kanta totur in za ka rage giya, ta biyun kuwa sai ka yi da ƙafarka, wato diddige-da-yatsa, abin da masu Faransanci ke ce wa talon-pwant. Kuma abokanka sun ce maka wanda na'ura ke yi wa wannan aiki ba direba ba ne. Ni a Tawa nake, na haura shekara talatin tsakanin sitiyari da ƙarƙashin mota, kuma ban yarda da maganar abokan naka ba. Amma bari mu fara da abin da ke faruwa cikin motar, don nan ne gardamar ke warwarewa.

Ɗauki 370Z ɗin da kake so. Kana giya ta uku, allura na kan juyi 3,500 a minti. In ka sauko ta biyu a wannan gudun, injin na bukatar kusan 5,000. To wannan 1,500 ɗin da ke tsakani daga ina za ta fito? In ba ka ba shi da totur ba, faifan kuloci ne zai jawo injin sama da ƙarfi, ƙarfin kuma daga tayoyin baya ake cire shi. Shi ne fizgar nan da kake ji, kan fasinja ya yi gaba. A miƙaƙƙiyar kwalta busassa, iyakar abin ke nan, sai faifan da ke ci a hankali. A bakin kwana kuwa, inda iska ta zuba yashi kan hanya, tayar baya kan riƙe na ɗan lokaci kamar an ja burkin hannu, bayan mota ya fita.

Ni a jikina na san wannan. Ina saurayi, na ɗauko albasa daga Tamaske cikin 504 bashe, na zo wata gangara mai kwana da tsakuwa a kai. Na ga gudun ya yi yawa, na cusa giya ta biyu na saki kuloci gaba ɗaya. Bayan motar ya juyo, sai ga ni ina kallon inda na fito. Allah ya tsare, babu mai zuwa, buhu huɗu kawai suka zube. Har yau in na bi wurin sai gabana ya faɗi. Motocin da kake magana duka biyun da baya suke turawa kamar 504 ɗin nan, ƙarfinsu kuma ya ninka nata.

Mutane na cakuɗa abu uku, ya kamata a raba su. Na farko taka kuloci sau biyu. Shi na koya wurin maigidana, Allah ya jiƙansa, a tsohuwar babbar mota Berliet da ba ta da sinkoro, wato zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu: ka taka kuloci, ka fito fili, wato ba ka cikin kowace giya, ka saki, ka ba da wuta, ka sake takawa, sannan giya ta shiga. In ka kuskure, haƙoran bwat, wato akwatin giya, su yi ƙara har na bayan mota ya ji, maigida kuma bai cika magana ba, kallo ɗaya ya ishe ka. Wannan don akwatin giya ake yin shi. Tsofaffin Land Rover ma, kafin Series III ta 1971, giya ta ɗaya da ta biyu ba su da sinkoro. Na biyu shi ne ɗan tsikarin totur kafin ka saki kuloci, don juyin inji ya yi daidai da gudun taya. Ɗan kabu-kabu da ya ƙware yana yin haka da hannun dama kullum, ko bai san sunansa ba. Na uku, diddige-da-yatsa, tsikarin nan ne dai, sai dai kana yin shi ƙafarka ta dama na kan burki. Ƙafa biyu, abin takawa uku, dole ɗaya ta yi aikin biyu.

Ka lura, aikin farkon tuni ƙarfe ya karɓe mana shi. Cadillac ta sa sinkoro a mota tun 1928, kuma abokan naka dukansu da shi suke canza giya, ba wanda ya ce an rage masa tuƙi. Abin da Nissan ta yi a 370Z ta 2009, da sunan SynchroRev Match, shi ne ta karɓi aiki na biyun. Akwai abin ji a jikin kuloci da sandar giya, kwamfutar motar ta san gudun tayoyin baya, da ka nufi giyar da kake so sai ta buɗe totur daidai gwargwado. Abin ya yiwu ne saboda totur ɗin yanzu ba igiyar ƙarfe ke jan shi ba, lantarki ne. Daga baya Corvette ta 2014 ta zo da nata, Civic Type R ta 2017, Mustang GT ta 2019. Toyota na kiran nata iMT, kuma har a wasu Hilux masu giya shida ta sa shi, ka ga ba na motar tsere kaɗai ba ne.

Na tuƙa 370Z ta wani mai kawo mini gyara, sau da yawa, har na taɓa kai masa ita Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutsi. Gaskiya ɗaya ce, kuma ba na jin nauyin faɗinta: na'urar ta fi ƙafata. Ni in na natsu, takwas cikin goma nakan dace. Ita goma cikin goma, da safe ko da rana tsaka, ko ka gaji ko kana azumi. Giya ta shiga lum, motar ba ta ko girgiza.

Amma ribar da ta fi girma ba a totur take ba, a burki take. Wannan ne abin da nake so ka riƙe. Wuyar diddige-da-yatsa ba tsikarin ba ne, riƙe burki ne daidai wa daida yayin da ƙafar ke karkata. Duk ɗan koyon da na zaunar kusa da ni, kuskurensa ɗaya: lokacin da ya je taɓa totur, ko dai ya ƙara danna burki motar ta dungura, ko ya sassauta ta zarce. Sassautawar ce ke ba ni tsoro. Rabin daƙiƙa ba tare da burki ba, a gudun kilomita 100 a awa, ya kusa mita 14. A filin tsere wannan asarar lokaci ce kawai. A Bulbar Mali Bero da yamma, ko gangaren shiga Badagishiri ranar kasuwa, cikin mita 14 ɗin nan akwai babur, akwai amalanken jaki, akwai yaro mai talla. Don haka a kan hanyar jama'a ka bar na'urar a kunne, ƙafarka ta dama ta zauna kan burki ita kaɗai. Ni da na iya ma haka nake yi in na samu motar da ke da ita.

Akwai kuma abin da ba za ta yi maka ba. Ba ta zaɓa maka giya, ba ta san kwanar da ke gabanka ba, sakin kuloci kuma naka ne. In kana gudu a ta biyar, ka nufi ta huɗu hannunka ya kauce ya faɗa ta biyu, ka saki kuloci, tayoyi ne za su juya injin ya wuce jan layi na 7,500, wato iyakar juyin da aka ɗebar masa. Abin da ke yanke mai ba ya hana wannan, don ba mai ne ke tura shi ba. Na buɗe inji da bawul ɗinsa suka lanƙwashe ta haka, mai shi na tsaye kaina yana rantsuwa bai taka totur ba, kuma gaskiyarsa. Direban da kunnensa ya san kukan inji yakan ji allura ta tashi fiye da kima tun kuloci na rabi, ya maida ƙafa. Wannan kunnen ne dalilin da ya sa har yanzu nake cewa ka koyi yi da ƙafa, ko da ba kullum za ka yi amfani da shi ba. Ga kuma daɗin da ke ciki in ta dace, wanda ba na ɓoye cewa ina so.

In za ka koya, kada ka fara da burki. Mako biyu ko uku ka yi ta rage giya daga huɗu zuwa uku a miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a, kuloci, tsikari, saki, har fizgar ta ɓace. Uku zuwa biyu ta fi wuya don tazarar ta fi faɗi, ka bar ta daga baya. Sannan ka tsaya wuri ɗaya, giya a fili, ka danne burki, ka riƙa karkata ƙafa kana kallon allura. Sunan ma ruɗi ne: a yawancin motocin yau ba diddige ake sawa ba. Tudun ƙafa na gindin babban yatsa ne ke kan burki, gefen ƙafa na waje ya mirgina kan totur, gwiwa ta ɗan shigo ciki. Za ka ga ya fi sauƙi in ka taka burki da ƙarfi, don sai ya nutse yake zuwa daidai da totur. Shi ya sa cikin gari, inda burkin shafa kawai ake yi, abin ba ya zama. Kuma ka cire balka ko silifa, ka sa takalmi rufaffe mai siririn ƙasa. Faffaɗan takalmi na iya maƙalewa tsakanin biyun. Akwai hoton bidiyo na shahararren direban tsere Ayrton Senna cikin Honda NSX a filin Suzuka na Japan, an sa kyamara kan ƙafarsa. Ka neme shi, kada ka kalli totur, ka kalli yadda burkin ba ya motsi.

Batun wacce za ka saya, 370Z ta ba ka duka biyun, don akwai maɓalli kusa da sandar giya mai rubutun S-MODE, da shi ake kashewa da kunnawa. GT86 hanya ɗaya ce, ƙafarka, sai dai abin takawarta sun zauna kusa da juna yadda koyo ke da daɗi, kuma doki 200 nata ya fi yafe kuskure. Ba kowace mota ke ba da wannan zaɓin cikin sauƙi ba: BMW M2 ta farko sai ka kashe na'urar hana zamewa gaba ɗaya kafin ta bar maka totur, abin da ba zan so ɗan koyo ya yi ba. In ka je ganin Nissan ɗin, ka duba maɓallin da idonka, don ba duka aka sa wa ba. Ka taka kuloci sau da yawa bayan motar ta yi zafi. In ya yi laushi ko ya ƙi dawowa, silindar da ke cikin bwat ce, cutar da aka san motar da ita, kuma sai an sauke bwat ɗin kafin a canza. Na farko-farkon kuma mai yakan yi musu zafi, ga ranar Afrilu irin tamu, don haka ka sa makanikenka ya leƙa ƙasa ya gani ko an sa mata abin sanyaya mai kafin ka biya kuɗi.