Tambaya da Amsa: Tsofaffin Kalmomin Turanci da Suka Fita Daga Bakin Mutane

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma ɗalibaina suna yawan kawo mini kalmomi irin su thou, thee, ye, hath da wherefore, waɗanda suke cin karo da su a wasannin Shakespeare da kuma tsofaffin fassarorin Alƙur'ani mai girma. Ƙaramin ƙamus ɗinmu bai gamsar da mu ba. Mece ce ma'anarsu, kuma ya kamata mu ba su lokaci a aji? Daga wata malama a Argungu, Jihar Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Lallai ya kamata, kuma ɗan Hausa ya fi Baturen yau saurin fahimtar wasu daga cikinsu. Thou tana nufin kai ko ke, thee tana tsayawa a matsayin ka ko ki idan aikin ya faɗa a kan mutum, ye kuwa ku ce. A da mutanen Ingila suna bambanta mutum ɗaya da jama'a kamar yadda muke yi, sannan suka riƙa kiran babba guda da you don girmamawa, tamkar yadda yaro a Argungu zai durƙusa ya ce wa dattijo "kun tashi lafiya". Sannu a hankali you ta mamaye ko'ina, har ya zama wajen ƙarshen ƙarni na 17 thou ta kau daga maganar yau da kullum a Landan, ta rage a addu'a da waƙa da wasu kare-karen harshe na arewacin Ingila.

Littafin Baibul na Sarki James na 1611 ya riƙe wannan bambanci, kuma salonsa ne Marmaduke Pickthall ya bi a fassararsa ta Alƙur'ani ta 1930, haka ma Abdullah Yusuf Ali a tasa da ta fara fitowa a 1934. Amfanin abin a nan babba ne, domin ɗalibin da ya san thou da ye zai gane ko aya tana magana da mutum ɗaya ne ko da al'umma, abin da you ita kaɗai ba ta iya nunawa.

Hath dai has ce, doth kuma does. Wherefore tana nufin "don me", kuma da yawa suna ɗaukarta da ma'anar "ina" saboda kamanninta da where.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne kalmomin da har yanzu ake amfani da su amma ma'anarsu ta sauya, domin ɗalibi ba zai ma yi tunanin duba ƙamus ba. Ki buɗe fasfon Najeriya na wani alhaji, za ki ga an roƙi a bar mai shi ya wuce "without let or hindrance". Let a nan tana nufin cikas, wato kishiyar ma'anar "bari" da yara suka sani. Haka meat a da kowane irin abinci ce, nice kuwa tana nufin wawa, daga kalmar Latin mai ma'anar jahili.

Shawarata ita ce ki koya musu waɗannan kalmomi don karatu, ki kuma hana su saka su a insha'in jarrabawar WAEC ko NECO, inda mai duba takarda yake neman Turancin zamani. Idan akwai intanet a waya, babban ƙamus na Oxford yana nuna kalmar da aka daina amfani da ita, tare da misalan jimloli da shekarar da aka rubuta kowace.