Ku Tambayi Kawu: An kore ni ina kwance a asibiti, ina da rabo a kuɗin rashin aiki?

Kawu, ina aikin gadi a wani kamfani a Bronx, birnin New York, shekara ta uku ke nan. Ciwon ciki ya kayar da ni cikin dare, aka yi mini tiyatar afendis. Sai bayan kwana uku na samu sukunin taɓa waya. Da na kira manaja sai ya ce sun ɗauka na ajiye aiki ne, tunda ban zo ba kuma ban kira ba. Wani ɗan gari ya ce kada in wahalar da kaina neman kuɗin rashin aiki, wato tallafin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aikinsa, wai ba a ba wanda aka kora. Ga iyali, ga haya tana jira.

Sannu da jiki, ɗana, Allah ya ƙara afuwa. Ka kwantar da hankalinka, ɗan garin nan rabin magana ya sani. A Amurka kowace jiha da tsarinta, amma kusan duk sun haɗu a kan abu ɗaya: kora ita kaɗai ba ta hana mutum kuɗin nan, abin da ke hanawa shi ne a kore ka kan laifin da ka yi da gangan. Ciwo ba laifi ba ne. Rashin sanarwa kuwa yana iya zama laifi, idan kana da halin kira ka ƙi. Don haka abin da ma'aikatar ƙwadago ta jiha za ta bi diddiginsa shi ne: yaushe ka dawo hayyacinka, kuma awa nawa ka ɗauka kafin ka kira? Za su iya tambayar me ya hana maiɗakinka kira a madadinka. Ka shirya amsa, kuma ta gaskiya.

Koma asibiti ka karɓi takardar sallama mai ɗauke da ranar da aka kwantar da kai da ranar da aka sallame ka. Ɗauki hoton jerin kiran da ke wayarka tun kafin ya goge. Ka shigar da buƙatarka a wannan makon, domin ba a fara lissafi sai ka nema. Wajen cike fom ka rubuta korar ka aka yi, kada ka bari bakin manaja ya zama naka.

Sai dai ka sani, kuɗin nan na wanda ke da lafiyar yin aiki ne kuma yana nema. In likita bai sake ka ba tukuna, makonnin nan ba za su shiga ba; New York na da wani ɗan tallafi dabam na masu jinya, ka tambaya. Idan aka hana ka, kana da kwana 30 ka nemi zama gaban alƙalin ma'aikatar, kuma ka ci gaba da tabbatar da buƙatarka duk mako ko da ba a biya, in ba haka ba ko ka yi nasara makonnin sun tafi. Akwai kuma dokar tarayya ta 1993 da ke ba da hutun jinya har mako 12 ba albashi, ga wanda ya shekara a kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama, ya kuma yi awa 1,250 a shekarar. Da alama ka cika. Nemi ofishin lauyoyin taimakon marasa ƙarfi kafin ka sa hannu a kowace takarda.

Kawu, ina Hamburg, ƙasar Jamus. Zazzaɓi ya riƙe ni mako guda, ban je asibiti ba, ban kuma gaya wa kowa ba. An ba ni takardar kora. Wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce zai samo mini takardar likita mai tsohon kwanan wata kan Yuro 80. In saya?

Kada ka kuskura. Kai, wannan ɗabi'a ta sayen takarda ta ishe ni! Takardar haihuwa a saya, sakamakon jarrabawa a saya, takardar rigakafi a saya, yanzu kuma har an ɗauke ta an tsallaka teku da ita. Malam, tun 2023 a Jamus shaidar rashin lafiyar masu inshorar gwamnati ta kwamfuta take tafiya: likita ya aika wa kamfanin inshorar lafiyarka, wanda kake yi wa aiki ya ɗauko daga can. To takardar da wancan zai buga maka a ɗakinsa, ta wace ƙofa za ta shiga? Likita na gaske ma ba ya mayar da kwanan wata baya fiye da kwana uku, shi ma sai da dalili. Wanda ya yi maka alƙawarin mako guda kuɗinka kawai yake so, kuma ranar da asiri ya tonu lambarsa ba za ta shiga ba.

Duba abin da kake shirin musanyawa. Yanzu mafi munin abin da ke gabanka shi ne hukumar samar da aiki ta dakatar da kuɗinka na mako 12, muddin dama ka biya inshorar rashin aiki na wata 12 cikin wata 30 da suka wuce. Da zafi, amma yana wucewa. Miƙa takardar bogi kuwa laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma baƙo mai zaman takarda ba shi da wuyan ɗaukar wannan kaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin haushin ma, wataƙila kana da hujja ta halal: a Jamus galibi sai an yi wa ma'aikaci gargaɗi kafin a kore shi kan irin wannan. An taɓa yi maka? In ba a yi ba, kana da mako uku kacal daga ranar da takardar ta shigo hannunka ka kai ƙara kotun ma'aikata. Ka kuma yi rajista da hukumar samar da aiki cikin kwana uku. Yuro 80 ɗin nan kai wa lauya ko ƙungiyar ƙwadago.

Kawu, ni a Kano nake, wani kamfanin roba a Sharaɗa ya sallame ni bayan taifot ta kwantar da ni kwana goma. Mu ma akwai irin wannan kuɗin?

Babu, 'yata. Najeriya ba ta biyan kuɗin rashin aiki. Abin da dokar ƙwadago ta tanada wa ƙananan ma'aikata shi ne hutun ciwo da albashi har kwanakin aiki 12 a shekara, shi ma sai da shaidar likita mai rajista, ba ta mai kemis ba. In kina da katin asibiti, nemi haƙƙinki a rubuce; in sun ƙi, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a nan Kano. Idan kuma ana cire miki fansho, dokar 2014 ta yarda ki ciri har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunki bayan wata huɗu ba aiki. Ni dai ba na son a taɓa shi. In dole ta sa, ya tafi jari ko haya, ban da anko, ban da sabuwar waya.

Kawu, na je gida biki na mako uku daga Amurka, na ce musu ba ni da lafiya, sai suka ga hotunana a Facebook suka kore ni. Zan samu?

Ba za ka samu ba. Fara neman wani aikin, kuma ka sauke hotunan nan kafin sabon mai ɗaukar aiki ya gani.