Game da lasa wa jariri zuma

Ɗana, bayan gaisuwa da barka da arziki, na ga tambayarka a kan ko za ku lasa wa jaririn zuma kamar yadda kakarka ta matsa, da kuma ko abin yana cikin littafi ne ko al'ada ce kawai.

Darajar zuma dai ba abin jayayya ba ce. Sura ta 16 a Alƙur'ani, Suratun Nahli, da sunan ƙudan zuma aka kira ta, kuma a aya ta 69 aka ce a cikin abin da yake fitowa daga cikinsa akwai waraka ga mutane. A Buhari ma akwai hadisin mutumin da ɗan'uwansa ke fama da ciwon ciki, Manzon Allah (SAW) ya yi ta umartarsa da ya shayar da shi zuma. Da wannan muka tashi a Zariya. Kakanka yana saƙa amya da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya ɗora ta a reshen ɗorawa, sai bazara ta kama mu je da dare, ni ina riƙe da damin ciyawa mai hayaƙi, shi yana yanko saƙar yana jefawa a ƙwarya. Daga wannan zumar ake yin nakiya da alkakin gara, a haɗa ta da lemun tsami ga mai tari, a shafa a ƙuna, kakin kuma a sayar.

Amma abin da ya tabbata a kan jariri dabino ne. Da aka haifi Abdullahi ɗan Zubairu aka kai shi wurin Manzon Allah (SAW) a Madina, dabino ya tauna ya shafa masa a ganɗa. Zuma a bakin jariri sabo ne na iyayenmu, kuma da kyakkyawar niyya suka yi shi, ba da sanin abin da likitoci suka gano daga baya ba. Wani lokaci zuma tana ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda ba ta yi wa babba komai, amma hanjin yaron da bai cika wata 12 ba ba ya iya hana ta tsira, sai ta fitar da dafin da ke sa jiki ya saki, kashi ya ƙi fita, tsotson nono ya gagara, har numfashi ya yi wuya. Tafasa zumar ba ya kashe ta, kuma kyawun zumar ba ya hana ta, ko da daga amyar gidanmu ta fito.

Saboda haka ku dakata sai ya shekara. Kada ka yi musu da kakarka a gaban mata, ka bar ni da ita, zan zo kafin ranar suna. Kwalbar da zan taho da ita ta maijego ce, ta riƙa zubawa a kunu.