Hukuncin Shiga Ƙarar Haɗin Gwiwa Don Kare Wuraren da Aka Keɓe wa Mata

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Birtaniya. A wurin motsa jiki na unguwarmu akwai lokacin ninƙaya na mata zalla da ɗakin sauya kaya nasu, amma yanzu an ce namijin da ya sauya jinsi ya ce shi mace ne yana iya shiga. Matan unguwa, yawancinsu ba Musulmi ba, suna karo-karo don ɗaukar lauya, kuma sun nemi in sa hannu. Ya halatta in shiga, alhali kotun ba da shari'ar Musulunci take hukunci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ya halatta, kuma idan niyyarki kare suturar mata ce ina fatan a ba ki lada, matuƙar kin kiyaye abin da zan ambata.

Abin da kuke nema haƙƙi ne da addini ya riga ya tabbatar. Suratun Nur, aya ta 30 da 31, ta umarci maza da mata da runtse ido da tsare al'aura, kuma babu yadda mace za ta bi wannan umarni a ɗakin da namiji yake tsaye tana cire tufa. Bukhari ya ruwaito daga Abu Sa'id Al-Khudri cewa mata sun taru suka ce wa Manzon Allah (SAW) maza sun rinjaye su a majalisinsa, ya ware musu rana tasu, shi kuwa ya ware. Ki lura, a tare suka nema, kuma ba a ce musu sun yi rashin kunya ba. Wasan motsa jiki ma ba haramun ba ne ga mace, tunda Nana A'isha ta yi tseren gudu da Manzon Allah, kamar yadda Abu Dawud ya kawo.

Na san abin da yake miki nauyi shi ne aya ta 60 a Suratun Nisa'i, wadda ta zargi masu kai hukunci ga ɗagutu. Ayar tana magana ne a kan wanda hukuncin Allah yake gabansa, ya juya masa baya don ya fi son waninsa. Ke kuwa babu alƙalin shari'a da ikonsa ya kai kan masu wurin ninƙayar nan, kuma abin da kike nema a wajen kotun shi ne abin da shari'a ta ba ki tun farko. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya gaban Najashi a Habasha ya kare Musulmi lokacin da Ƙuraishawa suka nemi a miƙa su, alhali fadar ba da shari'ar Musulunci take hukunci ba. Da wannan da makamantansa malamai da yawa suka halatta zuwa irin waɗannan kotuna idan babu wata hanyar karɓo haƙƙi ko tunkuɗe zalunci.

Haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba a kan gaskiya shi ma yana da asali. Manzon Allah ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an a Makka, inda mushirikai suka yi alkawarin tsaya wa wanda aka zalunta, kuma bayan annabci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Wakilta lauya kuwa wakalci ne sananne a fiƙihu.

Ina ganin haɗuwar ta fi dacewa da ku ma, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kotunan ƙasar da kike, sau da yawa wanda ya faɗi ƙara shi ke biyan kuɗin shari'ar abokin gabarsa, nauyin da mace ɗaya ba ta iya ɗauka. Ta hanyar karo-karo ne ƙungiyar For Women Scotland ta kai gwamnatin Scotland har Kotun Ƙolin Birtaniya, inda a ranar 16 ga Afrilu 2025 alƙalai biyar suka haɗu a kan cewa mace a Dokar Daidaito ta 2010 tana nufin mace ta asalin halitta. Bayan haka hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta taƙaita wasannin mata ga mata na asalin halitta daga 1 ga Yunin 2025. A Amurka ma, a Maris 2024, Riley Gaines da wasu 'yan wasa mata sun haɗu sun kai ƙarar hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA kan barin masu sauya jinsi su shiga gasar mata, bisa dokar Title IX ta 1972 wadda ta hana wariyar jinsi a makarantu.

Sai dai ki fara da sulhu. Ku rubuta wa masu wurin a tare, ku tuna musu hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya, ku ba su lokaci. Idan suka ƙi, to a je kotu. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kada ki shaidi abin da idonki bai gani ba, domin Manzon Allah ya ce wanda ya ci shari'a da iya baki a kan abin da ba nasa ba, yanki na wuta aka yanka masa. Ki tambayi wa ke riƙe da kuɗin, da inda ragowar za ta tafi. Idan tafiyar ta juya zuwa ƙin baƙi ko ƙin Musulunci, ki zare hannunki.

Abin da na fi jaddada miki shi ne adalci ga ɗaya ɓangaren. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci. Ƙarar a kan tsarin wurin take, don haka yaɗa hoton wani, da zaginsa, da tona asirinsa a Facebook duk haramun ne, kuma Kotun Ƙolin kanta ta ce Dokar Daidaito tana ci gaba da kare masu sauya jinsi daga wariya da cin zarafi. Haka nan kada a tuhumi wata mace saboda kaurin muryarta ko ƙirar jikinta, wannan mummunan zato ne. Wanda aka haifa mata-maza kuwa jarrabawa ce daga Allah, malaman fiƙihu sun ware masa babinsa da hukunce-hukuncensa, kada a cuɗa shi da wannan batu.

Kafin a yanke hukunci, ki dakatar da shiga ɗakin sauya kayan a lokacin da namiji zai iya shigowa, ko ki nemi a ba ki keɓaɓɓen ɗaki mai ƙofa. Wallahu a'alam.